Wayar da Ta Yi Magana a Ɗakin Inna

Na'ima tana tsakar gida tana tsinke zogale, da hantsi, sai ta ji wata murya daga ɗakin surukarta. Muryar mace ce, amma ba ta ɗan Adam ba, a daskare take, babu hawa babu sauka.

"Na'ima, lokacin shan maganin ƙanjamau ya yi."

Har sau uku. Zogalen ya zube a ƙasa.

Kwana huɗu ke nan babu wuta a layinsu na Federal Low-Cost, kuma surukar tata Inna Delu kaɗai ke da sola, saboda haka kowace waya, har da ta Na'ima, a ɗakinta ake kai ta caji. Na'ima da ciwon aka haife ta. Mijinta Abdulrauf ya sani tun kafin a kai gaisuwa, likita ya zaunar da su ya ce muddin tana shan magani kan ƙa'ida lafiyarsa ƙalau. Uwarsa kawai suka ɓoye wa. Manhajar tuna shan magani da ke wayarta kuwa wata ce ta saka mata a layin karɓar magani. Dama can ba ta da kan gado, wata rana ta buga kafin lokaci, wata rana ta manta ranar asibiti, amma dai "sha ruwa" kawai take rubutawa. Jiya ta sabunta kanta, yau ta yi baki.

Inna ta fito da wayar, ta ɗora a kan turmin da ke kife, ta koma ɗaki. Ko kallo Na'ima ba ta samu ba.

Da zagi aka yi da ya fi sauƙi. Matar da shekara da shekaru ba ta fashin rumfarta ta wake, sai ga ta zaune a gida kwana uku. In Na'ima ta durƙusa gaisuwa, "lafiya" ɗaya za ta samu. In ta kai abinci, Inna ta daɗe tana duban hannunta kafin ta karɓa. Abdulrauf yana koyarwa a Kwadon, sai Juma'a yake dawowa. Ta kira shi tana kuka, ya ce ta daure, kada dai ta bar maganin. Ba ta bari ba. Amma ta ninke kayanta a akwati.

Ran Juma'a bayan la'asar Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma. Ta ajiye takarda da biro gaban ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Kai, rubuta mata."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani kafin ya aura. Sai Inna ta shiga ciniki da shi kamar yadda take yi da masu kawo wake. Ta ce filinta na bayan gari nasa ne. Bai taɓa biron ba. Ta ƙara da shanunta biyu da ke ruga. Ya girgiza kai. Ta ce to ya tuna wadda ta goya shi, kuma ya san abin da bakin uwa yake yi. Na'ima ta ga ya ɗauki biron.

Ya mayar ya ajiye, hawaye na sauka har gemu.

"Inna, duk abin da kika ce in yi a duniya zan yi. Amma ba ta yi min laifi ba. Idan na rubuta, me zan gaya wa Allah?"

Inna ta miƙe. Sannan ta kwance makulli daga haɓar zani, ta shiga ta buɗe adakarta, ta fito da tsohon gwangwanin shayi. Ciki auduga ce cunkushe don kada ya yi ƙara, cikin audugar kuma ƙwayoyi. Na'ima ta gane su tun daga nesa.

Shekara goma sha tara ke nan tana shan su, in ji Inna. Ciwon ne ya kashe babansa, ya bar mata. Ranar uku ƙannen mamacin suka ƙona katifarsa, suka watso kwanukanta waje, yaron yana makarantar allo bai gani ba.

"So na yi in ga jinin wa ya fi yawa a jikinka, nasu ko nawa."

Ta juya ga Na'ima, ta tambaye ta nawa ta sayi wannan aba mai tonon asiri. Na'ima ta ce kyauta ce. Inna ta yi tsaki. Ta ce ita ko buhun wake sai ta zura hannu har gindi kafin ta taya, balle abin da za ta damƙa wa sirrinta. A goge ta yanzu, ranar asibiti kuma a tambayi ma'aikata wadda suka gwada suka yarda da ita.

"Kafin nan, 'yar nan, ki riƙa zuwa ɗakina. Ni da kiran assalatu nake sha. Shekara goma sha tara, ladan bai taɓa faɗar sunana ba."

Na'ima ta kifa kai a cinyarta tana kuka, Inna ba ta janye ba.

To 'yan mata, ku ji. Duk abin da ba ku bincika ba kada ku ba shi amanar lafiyarku, ko da kyauta ne. Mai haƙuri kuma da mijin da ya tsaya kan gaskiya, Allah ba ya barin su su kunyata.