Sha Biyu Saura Minti Biyar

Ranar da ta fara zuwa gidan, Auta ne ya buɗe mata ƙofa. Ta yi sallama riƙe da ƙaramin kwali, shi kuwa ya tsaya yana kallonta har sai da mahaifinsa ya yi gyaran murya daga falo.

"Auta, a bakin ƙofa baƙuwar za ta wuni?"

Injiniya ce a wani ƙaramin kamfani mai ƙera na'urori don tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Baba kuwa tsohon tela ne. Shekara uku ke nan da rasuwar matarsa, 'ya'yansa mata sun yi aure nesa, Auta kuma yana aiki a kantin magani a can ƙarshen gari, tafiyar awa biyu, can ma yake kwana. Gidan tsaf, shiru, keken ɗinki a lulluɓe da zane.

Ta ɗora wani ɗan akwati kusa da kujerarsa.

"Baba, in ka tashi da safe sai ka danna wannan koren madannin. Saƙo zai je wayar 'ya'yanka cewa kana lafiya. In sha biyu ta yi ba ka danna ba, wayoyinsu za su yi ta ƙara."

"Ba ya magana?"

"Ba ya magana, Baba."

"To, mun zama mu biyu."

Auta ya karɓi lambarta, wai ko na'urar za ta lalace. Ba ta lalace ba, amma saƙonsa bai fasa zuwa mata ba.

"Mai Madanni, ina kwana? Akwatinki ya ce Baba lafiya. Ke wa zai faɗa min lafiyarki?"

"Mai Ƙwaya, ka je ka sallami masu jiran magani. Lafiyata ƙalau."

Ta saba cin abinci a kan teburin aiki, ta koma ɗakin hayarta inda babu mai tambayar yadda ta wuni. Yanzu ga mai tambaya. Wata huɗu suna haka, sannan Auta ya gaya wa Baba yana son aurenta.

Baba ya ce, "Ban da ita."

Auta ba mai tsallake maganar mahaifinsa ba ne, ita ma ba ta so ya tsallake. Saƙonnin suka ragu. Wata safiya ya rubuto: "Ban san laifinki ba, kuma ban san yadda zan daina sonki ba." Ta karanta, ta kife wayar.

Don ta ɗauke hankalinta, sai ta buɗe bayanan na'urar Baba a kwamfuta. A makon farko ƙarfe bakwai yake dannawa. Daga baya ya koma tara, sannan sha ɗaya. Makonni shida na ƙarshe kuwa, kullum sha biyu saura minti biyar. Ta ɗauka madannin ne ya yi wa yatsansa tauri, alhali wata goma sha ɗaya ta yi tana gyara shi don masu ciwon gaɓoɓi. Ta ɗauki jakar kayan aiki ta tafi.

Ta same shi ya yi wanka, ya sa hula, wayarsa a kan cinya. Ƙarfe goma da rabi, bai danna ba.

"Baba, yatsan ne ke ciwo?"

"Yatsan da ya yi shekara arba'in yana zura allura? Lafiyarsa lau."

"To me ya sa kake jinkiri?"



"Da, ƙarfe bakwai Auta ke kirana. Ya tambayi ko na sha magani, in ce masa ya je ya aske wannan gemun. Yayyensa ma haka. Yanzu in na danna, shi ke nan, an gama da ni sai gobe. Shi ne nake ɗan jira, ko wani zai riga akwatin. Amma ba na bari sha biyu ta yi. Ba na son in tayar musu da hankali."

Ta sunkuyar da kai. Ta auna faɗin madannin, ta auna haskensa, amma ba ta taɓa tambayar abin da zai ɓace in ya yi aiki daidai ba.

"Ka yafe min, Baba."

"Ba ki da mugun nufi, 'yar nan. Sai dai na ce, wadda ta rage min Auta da akwati, in ta aure shi me za ta bar min?"

Ta zauna suka yi hira har azahar, ya nuna mata yadda ake yanka hannun riga. A mota ta rubuta wa Auta: "Ba ni Baba ya ƙi ba. Yaushe rabonka da kiransa da safe?"

Sai da yamma ya rubuto: "Ina gidan Baba. Na ji kunya."

Ta yi sati uku tana sake aikin. Shugabanta ya ce masu saye kwanciyar hankali suke nema, ba ƙarin ɗawainiya ba. Ta ce ai masu saye daban, mai dannawa daban. Da ƙyar ya yarda a gwada. Yanzu in Baba ya danna, saƙon cewa yake: "Baba ya tashi, yana jiran muryarka." Hasken koren madannin ba ya kamawa sai an kira Baba ya ɗauka.

Ranar da ta kawo sabon, Auta na zaune a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa. Baba ya danna, wayar Auta ta yi ƙara a aljihu.

"Kira ni mana."

"Baba, ga ni a gabanka."

"Injiniya ta ce sai an kira."

Auta ya kira. Baba ya kara wayar a kunne, idonsa a kan ɗansa.

"Auta? Ka faɗa wa kawunka ya shirya, zai je nema maka aure. Kar ka tsaya sanya har wani ya riga ka."

Bayan wata biyu aka ɗaura. Suka kama haya a layin bayan gidan Baba, Auta ya nemi canjin wurin aiki. Da suka durƙusa gabansa, ya dafa kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. In kun tsufa, Allah ya ba ku 'ya'yan da za su dame ku da surutu."

Suka ce amin, ita ta fi shi ɗaga murya.