Buhun Ɗakin Taron Mirrawa

Tamsin ta shigo da tsintsiya, sai ta tarar da baƙo durƙushe a tsakiyar ɗakin taron Mirrawa, yana ƙwanƙwasa daɓen katako da guduma.

"Malam, lafiya? Ko coci ka ɗauka nan?"

Ya ɗago. Sunansa Ewan, kafinta daga birnin Perth, kamfaninsu na sayen katakon tsofaffin gine-ginen da hukuma za ta rushe. Ya ce gara ta cinye turakun da ɗakin ke tsaye a kansu, amma katakon zinariya ne.

"Zinariyar tana da masu ita. Ga ƙofa can."

Ya fita yana waiwaye, ita ma ba ta ɗauke ido da wuri ba.

Mirrawa ta daɗe tana mutuwa a tsaye. Fari ya kori rabin gari, makaranta ta rufe, sannan gobarar daji ta ɗauke wan Tamsin, Fergus, yana cikin masu kashe wutar. A ɗakin nan aka yi makokinsa. Tun daga ranar, mahaifinsu, tsoho Pengilly, kullum sai ya buɗe ɗakin ya zauna shi kaɗai. Tamsin ta san duk ranar da aka rushe ginin, za ta binne uban ma.

Ewan ya yi ta dawowa, wai awo. Awon bai ƙare ba har ya samu lambar wayarta.

"Sarauniyar tsintsiya, yau ma za a kore ni?"

"Ya danganta. Da guduma za ka zo?"

"Da zuciyata. Ita ma gara ta kama ta, kuma ke ce garar."

"Allah ya shirye ka, ɗan birni."

Wata safiya ya same ta tana goge daɓen yadda ake yi tun kakanni, ta watsa garin katako da kankararren kyandir, tana jan buhun alkama a kai.

"Hau in ja ki, ai ya fi nauyi," in ji shi.

Ta san ma'anar abin, shi bai sani ba. A Mirrawa, saurayin da ya ja yarinya a kan buhun nan ya gama neman aure, saura sa rana. Ta hau. Tana cikin dariyarta ta farko tun rasuwar Fergus, tsohon ya shigo.

"Sauka, Tamsin! Ungulu ta zo jiran gawa, ita za ki ba buhu? Ina Brodie, da ya riƙe tiyo tare da wanki Fergus ranar gobara?"

Brodie maƙwabcinsu ne, ya daɗe yana jiran buhun nan. Shi ne ya turo mata hoto bayan kwanaki, ga motar Ewan shaƙe da katako, ya rubuta, "Ga masoyin naki."

Ta ruga ɗakin taron. Rabin daɓen babu, sai rami da jar ƙasa. Uban na zaune a matakala da mukulli a hannu, ko kuka ya kasa. Baƙin ciki ya tokare ta, domin ita ta ba Ewan mukullin ƙofar baya.

"Ka gama abin da ya kawo ka. Kada ka sake nemana," ta rubuta, ta toshe lambarsa.

Tsohon ya daina cin abinci, ya daina fita. Ita kuma kullum sai ta buɗe wayar ta rufe.

Ranar Asabar suka ji ƙarar guduma. Ta tallabo uban suka je, suka tarar da Ewan cikin ramin, ya rame, ya kafa sababbin turaku yana mayar da katakon ɗaya bayan ɗaya.

"Sai an ɗaga daɓe ake sauya turaku, Tam. Na kai katakon an yi masa maganin gara. Na ɓoye miki don ban tabbata hukuma za ta ɗaga ƙafa kan rushe ginin ba. Ta ɗaga, kamfani kuma ya sallame ni."

Ya ɗauko wani katako ya juya cikinsa. Yaran Mirrawa kan yi wasa a ƙarƙashin ɗakin in manya na rawa. Can wani ya karce da ƙusa, da rubutun ɗan firamare: FERGUS YA FI TAM GUDU.

Tsohon ya shafa haruffan da yatsa.

"Ƙarya yake, ita ta fi shi," ya ce, sannan kukan da ya riƙe tun ranar makoki ya ƙwace masa.

Da ya natsu, ya shiga bayan dandamali ya fito da buhun.

"Yaro, wannan karon ka san ma'anarsa?"

"Na sani, Baba."

Aka yi bikin bayan girbi. Garin duka bai cika rabin kujerun ba, Brodie bai zo ba. Ewan ya ja amaryarsa daga bango zuwa bango, tsofaffi na tafi suna sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ruwa da 'ya'ya.

Katakon nan kuwa Ewan ya kafa shi a daɓen bakin ƙofa, rubutun yana kallon sama. Tsohon ya tsaya a wurin yana tarbar baƙi, duk wanda ya iso sai ya ce, "A tsallake, a tsallake, ɗana na nan."