Sandar Jak a Kan Ƙusa

Ƙafafuwansa kawai ta gani. Sun leƙo daga ƙarƙashin farar motar, takalmi ɗaya ya zame ya faɗi gefe. An cire tayoyin gaba an jingine su da bango, motar kuwa ta zauna daram a kan ƙirjinsa. Rediyonsa yana ta surutu a kan benci.

Babbar 'yarsa ce ta kawo masa abincin rana. Ranar hutu ce, babu kowa a garejin sai shi. Ta saki kwanon, ta ƙwalla ihu.

Kafin 'yan sanda su iso, maƙwabta sun taru sun ciccibi motar da hannu sun jawo shi. Ya riga ya yi sanyi.

Sufeto mace ce mai ƙarancin magana, gwiwarta ta hagu tana damunta, saboda haka ba ta son a sa ta durƙuso a banza. Duk da haka ta durƙusa. Kofur yana tsaye a kanta yana hamma.

"Ranki ya daɗe, hatsari ne," in ji shi. "Jak ɗin da ya ɗaga motar ne ya sauka. Tsufa ne, ya manta bai sa gungume ba."

"Me ya sa kuka ɗaga motar da hannu, ga jak a ƙarƙashinta?" ta tambayi maƙwabtan.

"Sandarsa muka nema, ba mu gani ba," in ji wani.

Ta haska ƙarƙashin motar. A kan simintin da baƙin mai ya jiƙa akwai shatin abu mai kusurwa huɗu, guda biyu, sababbi. Ta ɗaga kai. Ga gungumen katako biyu can a jikin bango, an ɗora ɗaya a kan ɗaya. A samansu akwai allon kayan aiki, kowace sifana da ƙusarta, an zana siffarta da fenti a bayanta. Sandar jak tana rataye a gurbinta.

Sufeto ta sa hankici ta sauko da ita. Tsaf take, har ƙyalli take yi. Ta dubi hannun mamacin. Baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce.

"Kofur, tsohon nan ya sa gungume. Wani ne ya zare."

'Yar tana zaune a kan wata tsohuwar taya, idanunta sun kumbura.

"Baba ba ya mantuwa," ta ce. "Ya taɓa fasa wa ƙanena baki saboda ya leƙa ƙarƙashin mota ba gungume. Dokarsa ce: muddin mota tana sama, sanda tana kwance kusa da jak. Sai an gama aiki a goge ta, a rataye. In ka bar masa ko ƙusa a ƙasa, ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba."

"Wa ke da makullin nan?"

"Shi, da Auta, ƙanena, da mijina. Mijina ne mai fenti, ga sashensa can."

Sashen mai fenti kamar an yi yaƙi. Gwangwanaye a buɗe, buroshi ya bushe a cikin kofi, takardun gugar fenti ko'ina.

"Motar ta wa ce?"

"Ta Auta. Mai take ɗigarwa, Baba ya ce yau zai duba."

Gidan yana bayan garejin. Mama, matar mamacin, tana zaune a falo, Auta yana ƙasa ya jingina kai da gwiwarta. Saurayi ne dogo, hannuwansa irin na uban.

"Yana nan tare da ni tun safe," in ji Mama, tun ba a tambaye ta ba. "Kansa ke ciwo. Ko ƙofa bai taka ba."

"Haka ne?" Sufeto ta dubi Auta.

"Haka ne." Bai ɗago ba.

"Mama, maigidanki yana da abokin faɗa?"

Tsohuwar ta shafa kan ɗanta. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma jiya duk layin nan an ji shi da surukinsa. Mai fentin nan ya nuna shi da yatsa, ya ce wallahi ba zai ƙyale shi ba."

'Yar tana bakin ƙofa. "Mama!"

"Ƙarya na yi?"

Maƙwabta sun tabbatar. Kafin la'asar, mai fenti yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Mutum ne gajere, fenti ya cinye masa farce. A ɗakin tambayoyi ya zauna yana kallon tebur.

"Ina kake da hantsi?"

"Yawo."

"Yawon ina?"

"Yawo dai."

"Kai fa da kisan kai ake zarginka," in ji Kofur. "Yawon nan naka zai yi tsawo, sai dai a cikin ɗaki ɗaya za ka yi shi."

"Me ya haɗa ka da surukinka?" in ji Sufeto.

"Maganar gida ce."

"Ka taɓa jak ɗinsa?"

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni? Ko kusa. Cewa yake hannun mai fenti hannun kwalliya ne. In na matso ma sai ya ce in ja baya kada in shafa wa ƙarfe hoda."

"Gaban motar Auta sabon fenti ne. Kai ka yi?"

Fuskarsa ta canza. "Ni na yi."

"Me ta buga?"

"Sun ce falwaya."

"Sun ce. Kai me ka ce?"

Sufeto ta bar shi, ta koma garejin, ta sake wahalar da gwiwarta. Bayan bambar gaban motar, inda fenti ba ya kaiwa, ta ga wani ɗan ƙyalle ruwan lemo ya maƙale a tsakanin ƙarafa biyu. Irin yadin rigar da masu sharar titi ke sawa ne don direbobi su hango su.

Ta san maganar. A watan jiya wata mota ta take wata mai shara a babban titi da sassafe, ta gudu. Matar ta bar 'ya'ya ƙanana. Har yau ba a kama kowa ba.

Ta ajiye ƙyallen a gaban mai fenti. Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Jiya na gane," ya ce. "Baba ne ya faɗa mini da bakinsa. Auta ne ya take mai sharar nan. Baba ya miƙe bonat ɗin da kansa, Mama ta wanke kayan, ni kuma aka ba ni na rufe da fenti kamar wawa. Shi ne na yi masa ihu. Ya ce in yi haƙuri, shi ma ya gaji. Tun lokacin ba ya iya barci, mijin matar kullum ta ƙofar garejin yake wucewa riƙe da hannun 'yarsa. Ya ce in an koma aiki, zai kama hannun Auta ya kawo shi nan da kansa."

"Da hantsi ina ka je?"

"Titin da abin ya faru. Na je na tsaya kawai."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Matata ta rasa uba yau. In ƙara mata da ƙane?"

Kofur ya biyo ta waje. "Ranki ya daɗe, wannan ai maganarsa ce kawai. Auta kuwa yana da uwa da za ta rantse masa."

"Shi ya sa ba uwar zan tambaya ba."

Washegari, bayan an yi jana'iza, ta tara su a garejin: Mama, 'yar, Auta, da mai fenti da ankwa a hannu. Ta ce tana son su ga yadda abin ya faru. Ta sa Kofur ya ɗaga motar. Ya yi ta fama, ya dulmiya hannu cikin baƙin mai, ya damalmale sandar. Da aka gama ya sauke motar, ya yar da sandar a tsakar garejin, kamar yadda ta umarce shi tun a hanya.

"Shi ke nan," in ji Sufeto. "Kofur, kai mai fenti cikin motarmu."

Mai fenti ya tsallake sandar ya wuce, ko kallonta bai yi ba. Matarsa ta bi shi tana kuka.

Sufeto ta juya ga Auta, ta sassauta murya. "Yanzu garejin ya dawo hannunka. Za ka iya?"

"Zan yi ƙoƙari," ya ce. "Akwai motocin mutane da Baba bai gama ba. Sai in fara da su, in ya so daga baya..."

Yana magana yana tafiya. Ya sunkuya. Ya zaro tsumma daga aljihun baya, ya goge sandar daga sama har ƙasa, ya juya ta, ya sake gogewa, ya rataye ta a kan ƙusarta. Sai da ya saki, sannan ya ga yadda Sufeto ke kallonsa. Maganar ta mutu a bakinsa.

"Haka ka yi jiya," ta ce.

"Ni ina gida..."

"Kofur, dawo da mai fenti. Kowa ya saurara." Ta nuna ƙasa. "Gungume biyu sun zauna a nan, ga shatinsu. Ba a zare gungume sai an ɗan ɗaga motar. Wato wani ya tsaya a kan jak ɗin nan yana bugawa, tsohon yana kwance a ƙasa, yana ji, yana gani, bai fito ba. Da surukinsa ne, da tuni ya fito yana masifa. Mutum ɗaya ne zai taɓa jak ɗinsa ya ci gaba da kwanciya hankali kwance: wanda ya koya wa da hannunsa."

Ta juyo ga Auta.

"Ka mai da gungumen bango don a ce mantuwa ya yi. Wannan da tunani ka yi shi. Amma in hatsari ne, ai sanda tana ƙasa kusa da jak, da baƙin hannunsa a jiki. Kai ka goge ta ka rataye, saboda aiki ya ƙare. Wannan ba ka yi tunaninsa ba. Dukan da mahaifinka ya yi maka tun kana yaro ne ya yi shi."

Auta ya dubi hannuwansa kamar na wani ne. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Na roƙe shi," ya ce. "Na ce tun farko shi ya ce a rufe. Ya ce kuskure ya yi. Sai ya ce, 'Auta, ɗan ƙara mini sama, ba na gani.' Sai na ƙara."

'Yar ta juya ga uwarta a hankali. "Kin sani?"

Mama ba ta dube ta ba. "Ya shigo yana rawar jiki. Ban tambaye shi ba."

"Ba ki tambaye shi ba, amma kika miƙa musu mijina."

"Ɗana ne."

"Ni fa, Mama? 'Yar wa ce?"

Kofur ya buɗe ankwar daga hannun mai fenti, ya mayar a hannun Auta. Yau bai yi wa kowa ba'a ba. Mama ta riƙe rigar ɗanta har bakin ƙofa, sai da aka ɓamɓare yatsunta.

"Ke ma za ki zo ofis gobe," in ji Sufeto. "Akwai wani mutum da 'ya'yansa da suke jiran su ji wa ya kashe musu uwa."

Mai fenti ya kama hannun matarsa suka fita, ba ta waiwayo ba. Mama ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar garejin, tana kallon allon. Kowane ƙarfe yana kan ƙusarsa, babu abin da ya ɓata.