Takardar da Jannatu Ta Ɓoye

Da la'asar Habibullahi ya yi sallama a zauren gidan Malam Isiyaku, riƙe da baƙar leda kamar yadda ya saba. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma tun da aka sa ranar aurensa da Jannatu ba ya tashi daga kasuwa sai ya ware wa surukinsa hanta da ƙoda mafi kyau.

Jannatu ta fito ba ko kwalli a idonta. Ba ta kawo tabarma ba, ba ta kawo ruwa ba.

"Ka koma da shi, Yaya Habibu."

"Jannah... lafiya? Na ji jiya kun dawo daga Kaduna, na yi ta kira ba ki ɗaga ba. Ya jikin Baba?"

"Likita ya ce kayan cikin nan ne ke tayar masa da ciwon."

Ya dubi ledar, ya dube ta. Ta ci gaba da magana idonta a ƙasa, ta ce ƙodar Baba ta taɓu, ita kuma ba za ta bar shi ta tafi ɗakin miji ba, don haka a dakatar da maganar biki. Saura mako uku a lokacin.

"Kina nufin ni na jawo masa?" ya tambaya.

Kalma ɗaya ta isa ta sauke masa wannan nauyin. Ta san kalmar, tana bakinta. Amma ta yi shiru, har ya juya ya fita a hankali kamar wanda ya tashi daga jinya.

Abin da ta faɗa masa gaskiya ne, sai dai rabin gaskiyar ne.

Shekara biyu ke nan da ciwon ya fara, bayan sun baro gonarsu a Kakangi sun dawo cikin garin Birnin Gwari saboda 'yan bindiga. Wata safiya Malam Isiyaku ya kasa tashi sallah. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi rau, ko gefen zane ya taɓa shi sai ya yi salati. Maƙwabta suka ce wani abu ya taka. Wanzami ya zo ya yi tsaga, wata tsohuwa ta kawo sassaƙe ta ce sanyin ƙashi ne. Bayan kwana goma ciwon ya tafi da kansa. Bayan wata huɗu ya dawo, wannan karon har da gwiwa.

Jannatu tana aiki a wani kemis kusa da tasha. Ta fara kawo masa ƙwayar kashe zafi, ciwon ya lafa, shi kuma ya yi ta sa mata albarka yana gaya wa abokansa cewa 'yarsa ta fi likita. Daga ƙwaya ɗaya aka koma biyu, daga ranar ciwo aka koma kusan kullum.

A cikin wannan tsakanin mahaifiyarta ta rasu, ya zamana su biyu ne kaɗai a gidan.

Wata rana Mama Rachel ta zo gaishe su. Ma'aikaciyar jinya ce, aminiyar marigayiya tun suna 'yan mata a Kakangi, ita ce ma ta karɓi haihuwar Jannatu. Ta ga wasu ƙulluttai masu tauri a gwiwar hannun Malam Isiyaku da gefen kunnensa, ɗaya ya fashe yana fitar da abu fari kamar alli. Da Jannatu ta raka ta ƙofa, ta ja ta gefe, ta ce wannan ciwon sunansa gawut, kuma dole a kai shi babban asibiti a Kaduna a gwada jininsa. Ta rubuta takarda ta ba ta. Ta kuma gargaɗe ta da ta daina ba shi ƙwayar nan, domin tana cin ƙoda a hankali.

Jannatu ta ce to. Ta shiga ɗaki da takardar, ta zauna a bakin gado.

Sau biyu aka ɗaga bikinta. Na farko lokacin da aka kashe kawun Habibullahi a gona, na biyu rasuwar mahaifiyarta. Mahaifiyar Habibullahi ta riga ta faɗa a gaban mutane cewa idan aka ɗaga na uku, to ba rabo, ɗanta ya nemi wata. Idan aka je Kaduna aka kwantar da Baba fa? Ga hanya ta cikin daji, sai an jira rakiyar jami'an tsaro. Ta gaya wa kanta cewa bayan biki da mako ɗaya za ta kai shi. Wata shida ne kawai. Ta ninke takardar ta tura ƙasan akwatinta, washegari ta kawo wani sabon katin ƙwaya.

Ba a kai wata shidan ba. A na biyar, Malam Isiyaku ya faɗi a tsakar gida yana riƙe da kwiɓinsa, yana amai, fitsarinsa ya koma launin zoɓo. Ranar babu wanda ya yi maganar tsoron hanya.

A Kaduna aka ɗebi jininsa, aka ɗauki hoton cikinsa, aka zuƙo ruwa daga kumburarriyar gwiwarsa da allura. Likitan ya yi musu bayani a nutse. Ya ce akwai wani sinadari, yurik asid, da ya yi yawa a jininsa, shi ne yake daskarewa a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai, shi ne ya tara ƙulluttan, shi ne ya zama tsakuwa a ƙoda. Ya ce yawanci yanayin jikin mutum ne, kayan ciki da jan nama da lemon kwalba suna ƙara tayar da shi ne kawai. Sannan ya daɗe yana kallon takardar sakamakon. Ya ce abin da ya fi damunsa ƙodar ce, ta yi rauni sosai, kuma jinkiri da yawan ƙwayar kashe zafi ne suka kai ta haka.

Ya tambayi wanda yake ba shi ƙwayar.

Jannatu ta buɗe baki, mahaifinta ya riga ta.

"Ni nake saya da kaina, likita. Yarinyar nan ta sha hana ni."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana tara suka yi a asibiti, tsakuwar ta fita, aka sa shi a kan wata ƙwaya mai rage sinadarin da zai riƙa sha kullum har ƙarshen ransa, aka ce ya yawaita shan ruwa, ya dawo gwaji bayan wata guda. Duk kwanakin nan Jannatu ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta yanke wa kanta hukunci a kan benci a asibitin: auren da ta fifita a kan lafiyar mahaifinta, ba ta cancanci ta ji daɗinsa ba. Amma da ta tsaya gaban Habibullahi, sai ta kasa cewa ni ce. Ta bar shi ya tafi da laifinta a kansa.

Kwana goma sha ɗaya bai zo ba, bai kira ba. Ta bar aikin kemis. Tana dafa wa Baba fate da miyar kuka ba nama, tana cika masa buta da ruwan sha, tana duba agogo saboda magani. Idan ya tambayi Habibullahi sai ta ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ranar ta sha biyu da hantsi Mama Rachel ta shigo, ba ta ko zauna ba ta kira ta bayan ɗaki. Ta ce jiya Habibullahi ya same ta a wurin aiki, ya rame kamar ba shi ba, yana tambayarta ko hanta tana iya kashe ƙodar mutum. Ya daina zuwa kasuwa, ya ce ba ya iya kallon nama. Da ya ji cewa maganin Baba ya kusa ƙarewa kuma ba a samunsa a gari, ya kwafi sunan, yau da sassafe ya bi motocin Kaduna.

"Me kika gaya masa, Jannatu? Kuma ina takardar da na ba ki tun damina?"

Jannatu ta durƙusa a wurin ta rufe fuska.

Bayan azahar labari ya cika gari cewa an tare hanya a cikin daji, an harbi motoci biyu, an shige daji da mutane. Ta kira lambarsa ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Ta je tasha da hijabinta a baibai, ba wanda ya iya gaya mata wace mota ya shiga. Ta dawo gida, ta buɗe akwati, ta ɗauko takardar, ta kai gaban mahaifinta da ke zaune kan buzu ya miƙe ƙafa.

Ta faɗa masa komai, tun daga ranar da aka rubuta takardar har zuwa abin da ta yi wa Habibullahi a zaure.

"Baba, ni na lalata maka ƙoda saboda ina son aure. Ka tsine min ma ban ga laifinka ba..."

Malam Isiyaku ya daɗe yana juya takardar. Sannan ya ce shi ma ba yaro ba ne. Tun bara ya ga fitsarinsa ya canza, ya san ya kamata ya je asibiti, amma yana tsoron dajin nan, kuma yana tsoron a riƙe shi a can bikinta ya sake rushewa. Ya ce da gangan ya riƙa karɓar ƙwayar bai tambaya ba.

"Ba na ce ba ki yi laifi ba. Kin yi, ni ma na yi. Nawa da naki na yafe, Allah ya yafe mana. Amma yaron nan me ya yi? Abin da ya fi daraja a teburinsa yake ɗauko min. Wannan haƙƙin ba ni zan yafe shi ba. Ki roƙi Allah ya dawo miki da shi ki nema a bakinsa."

Sai washegari, da rana ta ɗaga, Habibullahi ya yi sallama. Motarsu tana cikin waɗanda suka wuce kafin a tare hanya, a dawowa kuma aka tsayar da su suka kwana a Buruku, wayarsa ba caji. Rigarsa duk ƙura, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa gaban Malam Isiyaku ya ajiye maganin wata uku, ya fara ba shi haƙuri yana cewa wallahi bai sani ba, da ya sani da ko kusa da gidan bai kawo ba.

Jannatu ta kasa jurewa. Ta fito daga ɗaki ta tsugunna nesa kaɗan da shi, ta faɗi abin da likita ya ce gaba ɗayansa, ba ta rage ko harafi ba. Ta ce ta san gaskiya ranar da ya tambaye ta, ta yi shiru ne don tana jin kunyar ya ga irin son kan da ke cikinta.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya dube ta kawai.

"Kwana goma sha biyu, Jannatu. Ina sallah ina roƙon Allah kada Baba ya mutu ta dalilina. Kina sane."

Ya yi wa Baba sallama ya fita.

Ba ta aika kowa ba, ba ta kira shi ba, don ta san ba ta da bakin roƙo. Ranar da aka sa ta biki ta zo ta wuce. Mahaifiyarsa ta aiko cewa ita ta gama magana. Jannatu ta haɗa kayan lefe a wuri guda tana jiran a zo ɗauka, tana kuka tana cewa daidai ke nan.

Ana gobe za a koma Kaduna gwaji, ta ji sallamarsa a zaure. Ta fita ta same shi. Ya ce ya kama musu kujera uku a motar farko, domin Baba ba zai iya hawa da sauka ba sai da namiji. Ya ce ya yi magana da mahaifiyarsa, ya gaya mata ko sau goma za a ɗaga shi ba ya da wata. Kuma ya samo musu ɗaki a layin da ke bayan gidan Baba, taku kaɗan ne, ba sai ta zaɓa tsakaninsa da mahaifinta ba.

"Har yanzu ina jin zafin abin, ba zan ɓoye miki ba. Na gwada in haƙura da ke, zuciyata ta ƙi. Abu ɗaya nake roƙo, Jannah: ko me kika aikata, ko ya kai me muni, ki faɗa min shi duka."

Ta ɗaga kai, hawaye na zuba, ta ce, "Na yi alkawari, Habibina."

A Kaduna likita ya ce sinadarin ya fara sauka, ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba, sai dai ba za ta koma yadda take da ba. Jannatu ta ji rabin farko da godiya, rabi na biyu kuma ta san zai zauna a ƙirjinta muddin tana numfashi.

An ɗaura auren ranar wata Juma'a bayan girbin dawa, ba taro mai yawa. Da yamma, da mata suka zo tafiya da amarya, ta rarrafa gaban mahaifinta ta kama ƙafafunsa tana kuka, tana sake neman gafara. Malam Isiyaku ya ɗora hannu a kanta, idonsa shi ma ya kawo ruwa.

"Ya isa haka, uwata. Kin roƙa an ba ki, kada ki sake roƙo. Tashi ki tafi ɗakinki, da safe ki zo min da koko."