Murfin Tukunya a Hamada

A shekarar 1952, cikin hamadar New Mexico, Wendell ya rataye murfin tukunya da zare yana ɗaukarsa a fim, wai baƙon faifan nan ne mai yawo a sama. Fim ɗin gaskiya da ya ɗauka na faifan, sojoji sun ƙwace. Da suka matsa masa, ya ce tsoho Eusebio makiyayi, wanda shi da Wendell suka ga abin tare, mashayi ne kawai.

Can tsakar dare, gyare suka yi tsit. Wani ya tsaya bayan fitilar da ke haska murfin yana warin tumaki, ba sawunsa a yashi.

"Ɗana, ba haka ya juya ba," in ji shi a hankali. "Ai kana wurin."

Wendell ya kasa ɗaga kai. Ranar Talata aka binne Eusebio, mai muryar nan, ko jana'izar bai je ba.