Zaren Da Ya Ƙi Zama Aljihu

"Ka goge hoton nan!"

Dogo ya juyo daga kwamfutar a hankali.

"Ba zan goge ba, Auta."

"Saura kwanaki in kare digirina, shi ne za ka kunyata ni? Kai da muke maganar aure?"

Hawaye dai bai isa ya zubo mata ba. Auta ba ta kuka a gaban mutane, balle a ɗakin gwaji.

Shekaru ta yi tana aiki kan wani ɗan zaren RNA, sinadarin cikin jikin halittu, da ake kira aftama, mai kama ƙanƙanuwar ƙwayar magani. Duk bincikenta a kan magana ɗaya ya tsaya: wai zaren yana da shiryayyen aljihu, ƙwayar faɗawa kawai take yi. Sai ga Dogo, mai kula da na'urar hango siffar zaren, ya fito da hoton da ya nuna akasin haka. Babu wani aljihu. Zaren a sake yake, sai ƙwayar ta zo yake naɗewa ya damƙe ta, kamar hannu ya damƙe tsakuwa.

"Masoyiyata, ke kaɗai na nuna wa..."

"Kada ka ƙara kirana haka!"

Ta tuɓe safar hannunta ta jefa a kwando, ta fice.

Ashe 'Yar Gayu, wadda suke aiki a teburi ɗaya da Auta, ta kasa kunne. Ta daɗe tana yi wa Dogo kallon ƙasan ido, don haka kafin Auta ta isa gida, labari ya riga ta, an ƙara masa gishiri: wai Dogo so yake ya rusa aikinta ya ɗaga nasa.

Baba ya tare ta a bakin ƙofa, ransa a ɓace.

"Yaron nan kada ya sake taka min gida!"

Ba ta kare shi ba. Abin ya tsaya mata a rai, amma girman kai ya rufe mata baki.

Washegari 'Yar Gayu ta matso tana lallashi. "Ƙawata, ki rabu da hoton nan mana. Wa zai sani?"

Auta ta kalle ta sama da ƙasa. Ita ce za ta ci digiri da ɓoye-ɓoye? Allah ya kiyaye! Ta ja sabuwar safa, ta haɗa zaren da hannunta, ta maimaita gwajin don ta ƙaryata Dogo.

Sakamakon ya fito.

Gaskiyarsa ce.

Ta daɗe zaune, kunya da kewarsa suna cin ta. Har za ta kashe kwamfutar, sai idonta ya tsaya kan ƙwayar kanta. Ta ƙara girman hoton... ta sake ƙarawa... sai murmushi ya suɓuce mata.

Ranar kare digiri zauren ya cika. Baba na sahun gaba. Dogo na can baya jikin ƙofa, ya rame.

Hoton zaren da ya ƙi gogewa ta fara haskawa a bango. 'Yar Gayu ta zaro ido.

Wani tsohon farfesa ya gyara tabarau. "Kina nufin hasashenki na farko bai yi daidai ba?"

"Ƙwarai, Farfesa. Na yi kuskure. Kuma ba ni na gano ba, ga wanda ya gano can." Ta nuna Dogo, kanta a sama. "Ni na ce ya goge, shi ya ƙi."



"Sai dai shi ma bai gani duka ba," ta ci gaba, ta sauya hoto. "Ba zaren kaɗai ke naɗewa ba. Ku duba, ƙwayar ma tana murɗawa kafin ta zauna. Kowa sai ya ɗan lanƙwasa."

Farfesan ya jingina da kujera yana gyaɗa kai, sannan tafi ya ɓarke.

A waje Dogo ya iske ta, idonsa ya yi ja.

"Ko a nan ma sai da kika fi ni, ko?"

"Da me kake tsammani?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ka yafe min, masoyina..."

Gyaran murya suka ji a bayansu. Baba ne. Ya daɗe yana kallon Dogo.

"Kai ne ka ƙi gogewa?"

Dogo ya rusuna. "Ni ne, Baba."

"Tun yarinyar nan tana rarrafe ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, sai yau. Ni ubanta na kasa." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka turo manyanka, ɗana."

A nan ne hawayen Auta ya zubo, a gaban kowa, kuma ko sunkuyar da kai ba ta yi ba.