Hon Biyu a Bakin Lungu

Ƙarfe takwas saura kwata na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa mota ta buge wata mata a ƙofar wata maɗaba'a. Kafin Sufeto ya gama ɗaure igiyar takalminsa, waya ta biyu ta shigo daga asibiti. Matar ta cika. Malamar firamare ce, tana kan hanyarta ta zuwa makaranta.

Sufeto ya shekara goma sha tara yana binciken haɗarin mota, kuma aikin ya koya masa kada ya yi saurin yarda da kowa, musamman wanda ya zo da amsa a shirye. Ya ɗauki littafinsa, ya kira Saje da wani kofur, suka tafi.

Maɗaba'ar tana can ciki. Mota ba ta fita sai ta wani siririn lungu tsakanin katangu biyu da suka fi mutum tsayi, lungun kuma yana buɗewa kai tsaye a kan daɓen da masu tafiya a ƙasa ke bi. Wanda ke cikin mota ba ya ganin kowa, dama ko hagu, sai hancin motar ya riga ya hau daɓen. An ja layin fenti ruwan ɗorawa a ƙasa, taku biyu kafin ƙarshen katanga. A jikin falwayar da ke bakin kwalta kuma an ɗaure wani madubi mai tumbi.

Farar motar kamfanin tana tsaye rabi a waje rabi a ciki, fitilarta ta hagu a fashe. Littattafan 'yan aji sun watse a kan daɓen, wani ya tattara su ya ɗora dutse a kai. Sufeto ya auna inda tayoyi suka goge ƙasa. Sai da motar ta wuce layin fentin da nisa sannan aka taka burki.

Wani gajeren dattijo ya taso daga gindin katanga, hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ne direban. Ni na buge ta."

"Ban tambaye ka ba tukuna, Baba."

"Na hutar da kai ne."

"Shekararka nawa kana jan motar nan?"

"Ashirin da shida a kamfanin nan. Wannan ce ta uku."

"Ka taɓa buge wani?"

"Ko kaza ban taɓa takawa ba. Yau ne dai tsautsayi ya faɗa. Na yi sauri, na manta ban tsaya a layi ba."

Sufeto ya rubuta, ya sa kofur ya zauna da dattijon a inuwa. Saje ya sauke ajiyar zuciya, don a ganinsa aiki ya ƙare tun shayin da ya baro a ofis bai huce ba.

Manne da katangar ta hagu akwai shagon wata mai ɗinki. Sufeto ya same ta zaune gaban keke, ba ta taka shi, idanunta sun yi ja.

"Hajiya, me kika gani?"

"Ina zan gani, yallaɓai? Ko raƙumi ne ya fito daga lungun nan katanga ba za ta bar ni in gan shi ba. Ji na yi. Da na fito sai na tarar da Baba Sannu durƙushe a kanta, ƙofar mota a buɗe."

"Wane ne Baba Sannu?"

"Direban mana. Haka kowa ke kiransa, saboda yadda yake fitowa daga lungun nan kamar wanda ya ɗauko ƙwai a faranti. Zai tsaya a layi, ya danna hon sau biyu, ya jira maigadi ya fito kan daɓe ya ɗaga masa hannu, sannan ya turo hancin mota kaɗan, ya sake tsayawa. Har tsiya nake masa, in ce kafin ya fito na gama riga. Da hon ɗinsa nake sanin bakwai da kwata ta yi."

"Yau kin ji hon ɗin?"

Matar ta ɗago kai.

"Wallahi ban ji ba. Kiɗan rediyo na ji, sai ƙara."

Maigadin dogo ne siriri, yana ta murza hannuwa tun kafin a yi masa magana.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"A wurin aikina, yallaɓai. Na buɗe ƙofa, na fito waje, na ɗaga masa hannu."

"Nuna min inda ka tsaya."

Maigadin ya taka zuwa kan daɓen ya tsaya. Sufeto ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya dubi hagu. Ana ganin daɓen fes har can kwanar titi.

"Daga nan ka ga mace tafe da littattafai a rungume, ka ɗaga wa mota hannu ta fito?"

"Ban ganta ba."

"To ko dai makaho ne kai, ko kai ka sa aka kashe ta, ko kuma ba ka nan. Zaɓi ɗaya in rubuta."

Gumi ya keto wa maigadin. Ya waiga wajen benen ofis kafin ya yi magana.

"Ina sito, yallaɓai. Manaja ne ya ce in bar ƙofa a buɗe in je in taya su ɗauko kwalaye, wai an makara."

"Wa ka gani ya shiga motar?"

"Ina ciki da kwali a ka. Ban ga kowa ba."

"Wa ya ce ka ce kana waje?"

Maigadin ya sake waigawa wajen benen. Sufeto bai matsa masa ba, ya riga ya ga inda ya waiga.

Saje ya shiga motar don ya duba burki. Shi kuwa Saje irin mutanen nan ne da ko a motar ofis sai gwiwarsa ta tokari sitiyari. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafa, ya yi murmushi.

"Yallaɓai, wannan kujerar kamar gwada ni aka yi."

"Ka taɓa ta?"

"A'a, haka na same ta."

"Madubin can na jikin falwaya, me kake gani a ciki?"

Saje ya leƙa. "Saman katanga da wayoyin lantarki."

"Murɗa makulli."

Yana murɗawa rediyo ya ɓarke da kiɗa har kofur ya zabura daga inuwa. Gilasan duka a rufe suke. Sufeto ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya dubi gajeren dattijon da ke zaune can, ya sake duban kujerar.

Ofishin manaja yana hawa na ɗaya, ana jin ƙugin injinan buga littattafai ta ƙarƙashin ƙafa. Manajan matashi ne dogo, mai tsabta, ya tarbi Sufeto da hannu biyu.

"Abin ya girgiza mu, yallaɓai. Baba ba ma'aikaci ba ne kawai a wurina, surukina ne. 'Yarsa nake aure. Satin jiya ma ta haihu."

"Allah ya raya. Ina kake da bakwai da kwata?"

"Nan a kujerar nan, ina waya da wani shugaban makaranta da muka yi wa aikin littattafai. Ga shi ma ka gani." Ya miƙo wayar da ƙarfin gwiwa. "Bakwai da minti goma sha biyu zuwa da sha shida."

Sufeto ya duba, ya kwafi lambar a littafinsa, ya gode masa. Yana sauka daga bene ya tsaya a kwanar matakala ya kira lambar da tasa wayar. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Da ya fito fili sai ya sa Saje ya mayar da motar baya har bakin sito, sannan ya shigo da tasu motar cikin filin. Ya kira dattijon, ya kuma aika a ce manaja ya sauko.

"Baba, doka ta ce sai ka nuna mana yadda abin ya faru. Shiga ka fito da ita daidai yadda ka yi ɗazu. Da saurin, da komai. Kofur ya tare hanya, babu kowa a kan daɓe."

Dattijon ya hau. Ƙafarsa ba ta kai kuloci ba. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo ta gaba har ta ƙure. Ya sauke gilashi. Ya taɓa maɓallin rediyo don ya tabbatar a kashe yake. Motar ta taho, da ɗan sauri da farko, kamar mai son cika alkawari. Tana isa layin fenti ta tsaya cak.

Hon ya yi ƙara sau biyu.

Dattijon ya zauna yana kallon hannunsa a kan sitiyari kamar hannun wani ne. Sufeto ya tako ya jingina da ƙofar.

"Me kake gani a madubin can, Baba?"

"Daɓen duka," ya faɗa da ƙaramar murya. "Ni na ɗaure shi. Daidai tsayina na saita shi."

"Don me kake sauke gilashi?"

"Don in ji takun mutane. Madubi ba ya nuna wanda ya manne da katanga."

"Mutuwar mutum aka ce ka nuna, ana kallonka, ka sani sarai abin da ake so ka yi, amma ƙafarka ta ƙi wuce layin nan. Shi ne kake so in rubuta cewa ka manta?"

"Ranka ya daɗe, na ce ni ne. Me ya rage maka? Ka rubuta kawai."

"Kotu za ta ba ka shekarun da ba lalle ka fito da rai ba."

"Na sani. Ni na gama nawa. 'Yar tawa 'ya'yanta uku, na ukun ko cibiyarsa ba ta warke ba."

Tausayin dattijon ya kama Sufeto, amma bai bari ya hau fuskarsa ba. Ya juya ga manajan da ya biyo su cikin lungun, hannuwa a aljihu.

"Na yi magana da shugaban makarantar nan. Ya ce ka gaya masa ya kwantar da hankalinsa, ga ka nan a mota, da kanka za ka kawo. Ya ce da ƙyar yake jin ka saboda kiɗa. Sai ya ji ƙara, ya ji ka yi salati, waya ta katse."

Manajan ya zare hannuwansa daga aljihu. Ya dubi surukinsa, dattijon ya kawar da kai.

"Baba yana sito yana ɗaure kwali na ƙarshe," in ji manajan daga bisani. "Ɗaurin ma sai ya yi sau uku. Na ga makulli a jiki, na ce bari in kai da kaina. Kullum ina ganin yadda yake fita, ina ce masa ɓata lokaci ne, wa zai bi ta nan da sassafe. Ban ganta ba. Wallahi ban ganta ba sai da ta faɗi." Ya juya ga dattijon. "Baba ne ya rugo ya janye ni daga motar, ya ce in hau sama in yi shiru."

"Kai kuma ka hau."

"Na hau."

Saje ya fito da ankwa. Manajan ya miƙa hannuwansa da kansa. Aka sa shi a bayan motar 'yan sanda da ke fake a filin maɗaba'ar, kofur ya zauna gefensa.

Dattijon ya mayar da farar motar cikin fili, ya sauko, ya tari Sufeto.

"Yanzu me zan je in gaya wa 'yata?"

"Abin da ya faru, Baba. Ita ma malamar tana da waɗanda za a je a gaya wa. Gobe ka zo ofis ka sake ba da bayani, na gaskiyar."

Sufeto ya sa aka ɗauko littattafan nan daga ƙarƙashin dutse, ya ɗora su a cinyarsa a kujerar gaba. Saje ya tayar da mota, suka shiga lungun. A bakin layin fenti Saje ya taka burki, ya leƙa madubin, bai ga komai ba sai saman katanga. Maigadin kuwa yana can zaune ya haɗa kai da gwiwa.

Sai ga dattijon ya raɓo ta gefen motar, ya fita kan daɓen. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Wata mata na tafe riƙe da hannun 'yarta, ya ɗaga musu tafin hannu suka tsaya. Ya jira har ya tabbatar babu kowa a jikin katanga, sannan ya juyo ya yafito motar da ke ɗauke da surukinsa.

Saje ya danna hon sau biyu, ya fito a hankali.